Sana'ar ba da shawara kan yaƙi da halasta kuɗin haram

Wannan sana'a ce ta masu taimaka wa bankuna, kamfanonin inshora, 'yan canji da dillalan gidaje su bi doka, don kar a bi ta hannunsu a halasta kuɗin sata, na ƙwaya ko na ta'addanci. Mai wannan aikin ba ɗan sanda ba ne, ba ya kama kowa, kamfani ne ke ɗauko shi ya duba masa inda ɓaraka take tun kafin hukuma ta lafta masa tara. Tarar kuma ba wasa ba ce, a 2012 sai da bankin HSBC ya biya wajen dala biliyan 1.9 a Amurka.

Yawancin ƙa'idojin sun samo asali ne daga FATF, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda ƙasashen G7 suka kafa a Paris a 1989 kuma take da shawarwari 40. A Afirka ta Yamma akwai takwararta ta yanki, GIABA, mai hedikwata a Dakar. A Najeriya kuma masu sa ido su ne EFCC da NFIU, wato hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, da Babban Banki, sai dokar 2022 da ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Da FATF ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, kasuwar masu wannan aikin ta buɗe sosai, an dai cire ta a Oktoban 2025. A tsakanin nan ne ma, a Maris 2024, Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, kuma rashin bin waɗannan ƙa'idojin na cikin dalilan da aka bayar.

Aikin kansa dai bin takardu ne da bin diddigi, a tantance kwastoma da BVN da NIN, a gano ainihin mai kamfani ba wanda aka saka sunansa a takarda ba, a koya wa ma'aikata rubuta rahoto in sun ga abin zargi. Wahalar tana wajen bambancewa, don ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuba miliyoyi kullum a akawun, halal ɗinsa yake nema, amma akawun ɗin ɗalibi da ya shekara shiru sai kwatsam alat ya dinga shigowa daga mutane daban-daban ana kwashewa nan take, wannan kam dole a tsaya a kai. Kwamfuta za ta iya nuna duka biyun, wanda ya san kasuwa ne ke rarrabewa.

Masu shiga harkar galibi sun karanta lauya, akanta ko tattalin arziki, da yawa kuma sai sun yi shekaru a banki tukuna. Takardar ƙwarewa da aka fi nema ita ce CAMS, wadda ACAMS, ƙungiyar ƙwararru kan yaƙi da halasta kuɗin haram, ke bayarwa bayan jarrabawa.