Kwando ko mangala? Tambayoyi da amsoshi kan ɗauko cefane a keke a cikin Kano

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin adaidaita ya tashi, ni dai na kakkaɓe keken da ya daɗe jingine a soro na koma hawa. Acaɓa kuwa dama tun 2013 aka hana shi ɗaukar fasinja a cikin gari. Yanzu da keken nan nake duk cefanen gidana, kayan miya a Yankaba ko Kasuwar Rimi, kayan masarufi a Singa, lemo da kankana in na bi ta 'Yan Lemo. Toh duk wanda ya ga jakunkuna biyu a bayan kekena sai ya tsayar da ni, wasu a majalisa wasu bayan an fito daga masallaci, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shine na ce bari in tattaro su in amsa a waje ɗaya.

Tambaya: Malam ni fa leda kawai nake ratayawa a kan keke shekara da shekaru, meye aibunta?

Amsa: Ɗan'uwa nima haka nake yi da, har ranar da abin ya same ni. Na taso da leda biyu, ɗaya tumatir da attaruhu ɗaya albasa da ƙwai, na rataya hagu da dama. Ledar albasar ta fi nauyi, tun daga bakin kasuwa take lilo tana bugun gwiwata, ina shiga wani ɗan rami sai gindinta ya shige cikin wayoyin wilin gaba. Keken ya tsaya cak, ni kuma na wuce ta saman kan. Allah Ya taƙaita babu mota a bayana, gwiwar hannu ce ta goge, albasa ta watse har cikin kwata, wani dattijo mai rake shi ya taso ya ɗaga ni yana ta sannu. Abin da nake so ka gane shine in abu ya shiga wilin baya yawanci taya ce za ta ja ƙasa, amma in ya shiga na gaba kai ne za ka tashi sama. Ga kuma hannun ledar da yake kwanciya daidai inda yatsunka za su kama birki. Wallahi ko ba ka sayi komai ba, ka daina wannan ratayar.

Tambaya: Toh kwandon gaba fa, irin wanda kekunan gwanjo suke zuwa da shi?

Amsa: Yana da kyau sosai, amma na kaya marasa nauyi ne. Yawancinsu kamar kilo 5 aka yi su su ɗauka, kuma kilo 5 ɗin nan ba wani abu bane, kwano biyu na shinkafa ya cinye shi. Buhun piya wata guda ɗaya leda 20 ne, lita 10 kenan, kilo 10, ka ga ya ninka. Duk nauyin da ka ɗora a gaba kan keken ne yake juya shi, sai ka ji kan ya yi nauyi, in za ka kauce wa adaidaitan da ya tsaya babu sigina hannunka ba ya saurin bin umarninka, in ka kafe keken kuma kan ya karkace ya kifar da komai.

Kwandon iri biyu ne, ka duba kafin ka biya. Akwai mai ƙugiya da ake saƙalawa a kan keke kawai, akwai kuma mai ƙafafu biyu na ƙarfe da suke sauka har kan notin wilin gaba. Na biyun ya fi nesa ba kusa ba, dan ƙafafun ne suke ɗauke nauyin. Sannan ka tabbata bai danne wayar birki ba, bai kuma tare fitila ba in kana tafiyar dare. Na waya ya fi na roba daɗewa a garin nan, ranar Kano tana cinye roba, bayan wani lokaci za ka ga ta yi fari-fari tana karyewa kamar biskit. Na kaba yana da kyan gani kuma ba ya ƙuje tumatir, sai dai ba ya son ruwan sama. Babban abin da nake so da kwandon gaba shine idonka na kan kayanka, ko cikin cunkoson Bata kake ba wanda zai miƙo hannu ba ka gani ba.

Tambaya: Yaya wai meye wannan jakunkunan na bayan kekenka, a ina ka samo?

Amsa: Ƙanina ka san mangalar jaki, wadda masu ɗebo yashi da taki suke ɗora wa jaki, aljihu biyu ɗaya ta nan ɗaya ta can. Toh ita ce wannan, kariyar keke, wato ƙarfen ɗora kaya da yake bayan sirdi, ita ce ta zama bayan jakin. Kakanninmu da suka yi fatauci da jakai sun daɗe da sanin cewa in kaya ya rabu biyu ya sauko ƙasa dabba ta fi jin daɗin tafiya, kuma haka abin yake a keke. Kilo 16 in ka tula shi a saman kariya za ka ji bayan keken yana rangaji duk lokacin da ka miƙe kan feda, amma in ka raba shi 8 da 8 ya sauko gefen wili sai ka ji keken ya zauna daram, abin da kawai za ka ji shine nauyin taka feda.

Turawa suna da tasu ta kamfani, akwai wani kamfanin Jamus, Ortlieb, da ya yi suna wajen yin wadda ruwa ba ya shiga, kowace jaka lita 20, da ƙugiyoyin da suke kama kariya ka cire ka mayar cikin daƙiƙa. Tana da tsada ƙwarai, in ka dace da irinta a gwanjo ka duba ƙugiyoyin dan su suke fara lalacewa. Ni tawa tela ne ya ɗinka min da tamfol, kuma sai da muka yi sau biyu. Ta farkon mun yi ta kamar jaka kawai, ina zuba kaya sai ta lanƙwashe ciki tana gogar wili, dunduniyata kuma tana bugunta duk zagayen feda. A ta biyun ne muka gyara, na kai masa keken har shago, na hau na ɗora ƙafa a feda ya auna inda dunduniya take kaiwa da alli, ya yanke kusurwar gaba ta ƙasa ya bar tazarar kamar yatsu huɗu. Ɓangaren da yake kallon wili muka yi masa aljihu muka zura siririn falanki a ciki dan ya tsaya ƙyam. Ya sa marfi mai saukowa, ya ninka ɗinki a inda take hawa kariya dan nan ne duk nauyin yake, sannan ya sa igiya a ƙasan kowace jaka da nake ɗaurewa a jikin ƙafar kariya. Wannan igiyar ta ƙasa kar ka yarda a manta da ita, in babu ita kana shan kwana jakar za ta buɗe kamar fiffike ta dawo ta bugi wili.

Wanda ba shi da kuɗin tamfol, buhun shinkafa da aka ninka biyu yana yi, ba zai daɗe kamar tamfol ba dai. Wasu kuma jarka mai lita 25 suke yanke wa kai su ɗaure biyu a gefe da gefe, tana da ƙarfi kuma ba ta matse kaya, sharaɗin kawai ta zama jarkar man girki ce a wanke ta tas, ba wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi ba.

Tambaya: In kuɗin abu ɗaya kawai gare ni, wanne zan fara saya?

Amsa: Kariya mai kyau in ba ka da ita, sannan mangala. Kwandon gaba ya jira.

Tambaya: Kariyar nawa take ɗauka? Ina ganin mutane da buhu guda a bayan keke.

Amsa: Ka leƙa jikinta, da yawa daga cikin na kekunan gwanjo an buga adadin a jiki, wadda aka fi gani ita ce kilo 25. Wadda take maƙale a sandar sirdi kaɗai babu ƙafafu kuwa kamar kilo 10 ce, kuma ba ta dace da mangala ba tunda babu abin da zai tare jaka daga wili. Tsofaffin baƙaƙen kekuna irin su Phoenix da Raleigh kariyarsu ƙarfe ce mai kauri, shi yasa kake ganin ana ɗora musu abin da ya fi haka. Amma ka lura da masu ɗauko buhu daga Dawanau, da yawansu tura keken suke ba hawa ba. Ni ba zan ba ka shawarar ɗora buhu mai kilo 50 ka hau titin Katsina cikin manyan motoci ba, ko kariyar ta jure, birkin ba zai tsayar da kai a inda kake so ba, wayoyin wilin baya kuma su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya har wilin ya karkace. Ranar buhu ka biya adaidaita.

Abu biyu da nake yi duk sati, ina bin notinan kariya da sifana dan girgizar hanya tana kwance su, ina kuma tsayawa wajen mai faci a ƙara wa tayar baya iska kafin babban cefane, taya mai laushi da kaya a kai tana hawa bakin rami tif ya tsage. In za ka sa mai walda ya ƙera maka kariya ka ce ya yi mai ɗaurewa da noti, kar ya liƙa ta a jikin keken.

Tambaya: Ni kwandon roba na ɗaure a saman kariya, ya isa?

Amsa: Ya isa ga ƙaramin cefane, kuma shi ya fi komai araha, ka shiga Kofar Wambai ka zaɓi wanda ya yi maka. Shi ne ma ya fi dacewa da bokitin markaɗe tunda bokiti yana son shimfiɗaɗɗen waje, ka cusa tsumma a gefe-gefe ka rufe marfin da kyau. Matsalarsa nauyin yana sama, kuma in za ka hau ƙafarka sai ta tsallake shi, mai doguwar riga ya san wahalar. Kar ka dogara da robar tif kaɗai wajen riƙe shi, ka huda gindinsa ka ɗaure da waya ko noti da ɗan falanki a ciki, robar ta zama ta danne kayan sama. In kana jan robar nan kuma ka kawar da fuskarka, in ta kuɓuce ido take nema.

Tambaya: Ya kake jera kayan kar tumatir ya fashe?

Amsa: Tun a kasuwa nake farawa da masu nauyi. Shinkafa, wake, doya, dankali, galan ɗin mai, su ne a ƙasan mangala, ina ɗaga jakar hagu da ta dama da hannu in ji ko sun yi kusan daidai. Taliya da sukari da magi a samansu. Tumatir, alayyahu, burodi da ƙwai su ne 'yan gaba, na shimfiɗa tsohon tawul a gindin kwandon saboda girgiza. Kiret guda na ƙwai 30 ba ya shiga yawancin kwanduna, sai in sa mai ƙwai ya yanka kwalin biyu in ɗora rabi kan rabi in ɗaure. Omo da sabulu da kalanzir ba sa haɗa jaka da abinci ko da kuwa hakan zai sa gefe ɗaya ya ɗan fi nauyi, garin da ya sha warin kalanzir ya tashi daga aiki. Nama da kifi kuma su ne na ƙarshen saye, a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40 cikin jakar tamfol kamar tanda yake, daga wajen mahauci sai gida.

Tambaya: Damina da lungunan cikin birni fa?

Amsa: A watan Agusta ina ajiye babbar leda a cikin kowace jaka in zura gari da sukari a ciki, dan ruwan da taya take fesowa daga ƙasa ya fi na sama ɓarna. Lungu kuwa ka tuna mangala ta ƙara wa bayan kekenka faɗi, in kun haɗu da mai kurar ruwa ka sauka ka ba shi hanya. In za ka shiga cikin kasuwa ka ɗauke mangalar ka rataya a kafaɗa, ta zama jakar cefanenka.

Tambaya: Gwaggona ce ta yi wannan, ta ce ɗan autanta take aika cefane da keke, shekararsa 13, me za ta sa masa?

Amsa: Gwaggo shi kam kar a ɗora masa lissafin manya. Yaro ba shi da nauyin jikin da zai danne keke, in kayan baya suka yi yawa gaban keken yana yin sakayau, a hawan gada ma har ya nemi ɗagawa. A fara duba ko ƙafarsa tana taɓa ƙasa in yana kan sirdi, in ba ta kaiwa a sauke masa sirdin. A sa masa ƙaramar mangala wadda ko ya so ba za ta ci fiye da kwano ɗaya-ɗaya a kowane gefe ba, da kwandon gaba na kayan miya, dan muddin babu inda zai sa ledar a kan keke zai rataya ta. Kuɗin cefanen da canji su zauna a aljihunsa ba cikin kwando ba. Ranar farko kuma a zuba masa kayan ya zagaya layinku sau biyu ko uku, ya taka birki ya ji yadda keken yake tsayawa da kaya, kafin a bar shi ya fita bakin titi. In ya shigo hutun ƙarshen mako ki turo min shi da keken, zan raka shi wajen telan a auna dunduniyarsa.