"Buɗe ƙafarka" ba ta hana wayar keke cin dunduniyar yaro

Da an koma makaranta mu ma'aikatan asibiti muke fara ganinsu a ɗakin wankin ciwo. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 6, an naɗe masa ƙafa da ɗankwali ko tsohuwar riga, jini ya ratso har waje, uban yana tsaye yana gumi da hula a hannu. Tun ba a kwance ba mun san abin da za mu tarar: fatar bayan dunduniya ta ɗaye ta koma gefe kamar an ɓare rogo, wani lokaci har farar agara a fili. Tambayoyin da muke yi biyu ne. A ina yaron yake zaune? A kariya, wato mazaunin bayan keke. Ƙafarsa a kan me take? Sai a yi shiru, can a ce: "Wallahi sai da na ce masa ya buɗe ƙafarsa."

Haba Malam! Ɗan shekara 4 ne fa. Kai da kake babba, zauna a kan benci ka ware ƙafafunka a iska ba tare da sun taɓa komai ba, mu ga ko za ka yi minti 3. Shi kuwa ka ɗora shi tun daga ƙofar gida har Islamiyya, ga gargada, ga rana, ga barcin da ke fizgarsa, ga tumaki da motocin da yake waiwaye yana kallo, kuma ka sa ran zai riƙe ƙafa a ware saboda ka faɗa masa sau ɗaya. Cinya za ta gaji, ƙafa za ta sauko, kuma babu inda za ta sauka sai cikin wayoyin ƙafar keken.

Ga abin da ke juyawa a gefen ƙafar ɗanka. Ƙafar baya ta babban keke, irin Raleigh da Phoenix da muka saba da su, inci 28 ce, kuma juyi ɗaya yana cin ƙasa kusan mita 2 da 'yan kai. Wayoyinta 36 ne, wasu 40. A tafiyar da ba gudu ba, kilomita 15 a awa, ƙafar tana juyawa kusan sau 2 a daƙiƙa ɗaya, wato waya wajen 70 ke giftawa ta gaban dunduniyar yaro kafin ka ce "subhanallahi". Idan waya ɗaya ta kama dunduniya, sai ta ja ta zuwa ƙarfen da ya sauko daga ƙarƙashin sirdi. Ratar da ke tsakanin wayoyi da wannan ƙarfe ba ta fi yatsu 2 zuwa 3 ba, idon sawun yaro kuwa ya fi ta kauri. Nan ake matse ƙafar, a murɗe ta, a yanke ta, duk a lokaci guda, da nauyinka da na keken gaba ɗaya a bayanta. Mafi muni, matuƙi yakan ji feda ta yi nauyi, ya ɗauka yashi ne ko hawa, ya ƙara dannawa. Sai ihun yaron ya tsayar da shi.

Wanda ya ɗora yaro a sandar gaba ma bai tsira ba, ƙafar gaba tana da nata wayoyin, kuma idan ƙafa ta shiga can keken yakan tsaya cak ya watsar da su biyun ta ka. A babur abin ya fi ƙazanta, don inji ba ya jin nauyi balle ya dakata.

Kada girman yankan ya ruɗe ku. Wannan ciwo maƙaryaci ne. Ranar farko sai a ga 'yar ƙujewa da kumburi, a ce ai da sauƙi, a shafa man zafi a kwanta. Kwana 2 zuwa 3 fatar da aka matse ta fara yin duhu, ta yi baƙi, ta mutu, abin da aka ɗauka kamar kwabo ya zama kamar tafin hannun yaron. Fatar da ke kan agara siririya ce kuma jini bai wadace ta ba, shi ya sa ciwon wurin yake daɗewa, makonni ana wanki, wani sai an kai shi babban asibiti an yanko fata daga cinya an dasa. Naman ƙasan dunduniya, wanda mutum yake takawa a kai, idan ya tafi babu irinsa a sauran jiki. Akwai kuma karaya a ƙasan ƙwauri da ido ba ya gani sai an ɗauki hoto, kuma idan ta taɓa wurin da ƙashi ke tsiro kusa da idon sawu, ƙafar na iya karkacewa yaron yana girma. Duk wannan daga "buɗe ƙafarka".

Mun san abin da za a ce: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Mun kuma san ba ganganci ke sa uba ya goya yaro a keke ba. Kuɗin mota ya yi tsada, makaranta da nisa, keken nan shi ne rufin asirin gida, kuma uban da ya tashi da sassafe ya kai ɗansa karatu abin a yaba masa ne. Babu wanda ya ce a daina. A rufe wayoyin kawai, a ba ƙafar wurin takawa. Aikin yini ɗaya ma bai kai ba.

Marfin wayoyi shi ne farko. Sami tsohuwar jarkar mai ta lita 25, irin ruwan ɗorawar nan, a wanke ta. Faffaɗan gefenta biyu za su ba ka falle biyu, kowanne kamar santimita 30 a tsaye da 35 a kwance, amma ka gwada a jikin kekenka kafin ka yanka, don kekuna sun bambanta. Abin da ake so shi ne fallen ya rufe tun daga ƙarƙashin kariya har ƙasa da inda dunduniyar yaro take kaiwa idan ya saki ƙafa, kuma daga ƙarfen sirdi har bayan ƙafafun kariya. Zaunar da yaron a kai keken yana tsaye, ka ce ya saki ƙafa ya yi lilo da ita gaba da baya, duk inda ta kai ka sa alama da gawayi. A huda ramuka 6 zuwa 8 da ƙusa mai zafi, a ɗaure da waya a jikin ƙarafan keken, ta waje, kan wayar da aka murɗa ya kalli ciki kuma a lanƙwashe shi. Bakin robar da aka yanka yana da kaifi, a goge shi da fayil ko a ɗan gifta shi a wuta. Bayan an ɗaura, ɗaga bayan keken ka juya feda: idan ka ji yana goga, matsar da shi har yatsa ya shiga tsakaninsa da taya. Sannan danna tsakiyar fallen da babban yatsa da ƙarfi. Idan ya lotsa har ya taɓa wayoyi, ƙara masa sanda ko ƙarfe a kwance ta baya. Falankin silin ko ragar ƙarfe mai ƙananan idanu ma suna yi, muddin yatsan ƙafar yaro ba zai shiga idon ragar ba. Kwali ba ya yi, ruwan sama ɗaya ya gama da shi. Kuma gefe biyu za a rufe. Muna ganin masu rufe gefe ɗaya su ce ai ɗayan akwai murfin sarƙa. Murfin sarƙa sarƙa yake rufewa.

Na biyu matakin ƙafa. Marfi ba tare da mataki ba rabin aiki ne, domin ƙafar da ke reto tana neman inda za ta maƙale, kuma idan ba ta samu ba za ta zame ƙasa da marfin. Mai walda zai iya yanka ƙarfe biyu masu tsawon santimita 10, ya ɗaura su da noti a jikin ƙafafun kariya, daidai inda tafin ƙafar yaron yake sauka gwiwarsa a ɗan lanƙwashe. A naɗe su da robar tsohon tib don kada su yi santsi, a bar wani zobe na robar da zai riƙe saman ƙafar. Zoben ya zama mai sakewa, yadda idan keke ya faɗi ƙafar za ta fita. Kada a ce yaro ya taka notin tsakiyar ƙafar keke. Wannan noti bai kai faɗin yatsu biyu ba, kuma yana manne da wayoyin, da yawan waɗanda ake kawo mana daga nan ƙafarsu ta zame.

Sauran a taƙaice:

- Takalmi mai rufe dunduniya. Silifa yakan zame, yaro ya miƙa ƙafa zai tare shi, shi ke nan.
- Yaro ɗaya a kariya, ba biyu ba. Na bayan ba shi da wurin ƙafa ko kaɗan. Yawancin kariyar zamani ma kilo 25 aka buga a jikinsu.
- Dogon hijabi, zani da igiyar jakar makaranta a tattare su a cusa ƙarƙashin cinya. Hijabin da waya ta kama wuya yake ja.
- Jingina a baya, ko da katako ne da aka ɗaure da kyau, saboda mai gyangyaɗi.
- Yaron da bai iya zama da kansa daram ba, ba a ɗora shi a kariya sam.
- Wayar da ta tsinke ko ta saki, a kai wa mai gyara ya canza a ranar. Tsinkakkiyar waya tsinke ce.

Iyaye mata, ku ma da ku. Sau da yawa ba uban ne ke tuƙi ba, Yaya ne ɗan shekara 11 da aka ce "ɗauki ƙaninka ku je ku sayo mai". Shi kansa da ƙyar ƙafarsa ke kai feda, yana tuƙi a tsaye keken na rangaji, ina ya ga hankalin kula da ƙafar wani? Idan keken gidan ba shi da marfi, ku hana. Ku fito ƙofar gida ku duba da idonku. Ku ma kun iya cewa "buɗe ƙafarka" daga cikin ɗaki, muna jin labari.

In kuma abin ya riga ya faru, tsaya nan take, kada ka ƙara ko taku ɗaya. Kada a fizgo ƙafar, fizga ita ke ƙarasa ɗaye fatar. Mutum ɗaya ya riƙe yaron, wani ya juya ƙafar keken baya a hankali har ta saki. Idan ta ƙi, a nemo filaya a datse wayoyi 3 ko 4, waya ba ta da tsada. A danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10 cur ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba, ƙafar a sama da ƙirjin yaron. Ba a ɗaure ƙwauri da roba ko igiya wai don tsayar da jini. Idan jini ya lafa, a kwarara ruwa mai tsabta da yawa a kai, lita 1 ko 2, ya wanke ƙasa da baƙin mai. Wanda aka tafasa ya huce ya fi, da ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, shafaffe, a kowane rabin lita. Fatar da ta ɗaye, ko da tana reto, kada a yanke ta. A mayar da ita mazauninta a hankali, a rufe, a naɗe ba tamau ba. A tallafe ƙafar da kwali mai kauri daga tafin ƙafa zuwa ƙasan gwiwa, a ɗauki yaron, kada ya taka.

Abin da ba a zubawa: toka, ƙasa, kashin shanu, man birki, baƙin man inji, man goge baki, garin kafso, busasshen gishiri. Duk muna ganinsu. Kowanne sai mun kankare shi daga cikin naman kafin mu fara aiki, yaron yana ihu, uwar tana kuka a bakin ƙofa. Ku tausaya masa. Kada kuma a fara kai shi wurin mai ɗori alhali da buɗaɗɗen ciwo, matsi da karare a kan fatar da ta riga ta sha matsa shi ke kashe ta.

A kawo shi asibiti a ranar, cikin awa 6 idan da hali, ko da ciwon ya yi kama da ƙujewa. A zo da katin rigakafinsa, mu ga ko ya karɓi allurar Penta ta mako 6, 10 da 14, domin ita ke ɗauke da rigakafin tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, kuma ciwon da ƙasa ta shiga shi ne ƙofarsa. Idan an ce a yi hoto, a yi. Idan ma'aikaci bai ɗinke ba ya ce a dawo, ba ƙyuya ba ce: fatar da ta kumbura idan aka ja ta da zare mutuwa take yi, sai an ga wadda za ta rayu. A dawo ranar da aka ce, galibi bayan kwana 2, ko da yaron ya fara wasa. A gida ƙafar ta zauna a kan matashi, bandeji kada ya jiƙe. Idan kun ga fata tana baƙi, ko wari, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko yatsun sun yi sanyi sun ɗashe, ko muƙamuƙi ya fara ƙagewa, ba a jiran ranar dawowa, ko tsakar dare ne a taho.

Masu gyaran keke, ku ne kuke ganin kekunan nan kafin mu. Duk wanda ya kawo faci kuka ga matashi ko tsumma ɗaure a kariyarsa, yaro yake ɗauka. Ku ajiye falle biyu na jarka da aka riga aka yanka a gefen akwatin kayan aiki, ku nuna masa, ku faɗi kuɗin ɗaurawa tun tayar tana kwance.