Wai duk garin da aka sa a jerin ambaliya za a tashe shi a ƙwace filayen mutane? Ga abin da doka ta ce

Da damina ta kankama sai a fara tura saƙon murya a WhatsApp, wai duk ƙaramar hukumar da sunanta ya fito a jerin wuraren da ake hasashen ambaliya to gwamnati za ta tashi mutanen bakin kogi ta karɓe filayensu ko sisi ba za a ba su ba, wai kuma wanda ya yarda ya sa hannu ya tafi sansani ya bar gidansa ke nan har abada. Jama'a wannan magana tana da haɗari, don ita ce take sa magidanci ya ƙi fita da iyalinsa ruwa yana shigowa ta ƙofa. Mun ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare, mun ga Mokwa a ƙarshen Mayun 2025 inda sama da mutum 150 suka rasu, ruwa ba ya jiran mutum ya gama shawara.

Shi wancan jerin hukumar NIHSA mai lura da yanayin ruwan koguna ce take fitar da shi duk shekara, hasashe ne kawai na inda ake ganin ruwa zai iya yin ɓarna, kamar yadda hukumar hasashen yanayi NiMet take faɗin yadda damina za ta kasance. Ita kuma NEMA da aka kafa a 1999 aikinta shirya agaji ne da wayar da kai da haɗa kan hukumomi, takwararta SEMA a jiha, sai kwamitin gaggawa a ƙaramar hukuma. Duk cikinsu babu mai ikon soke mallakar filin kowa. In an ce ku kwashe yara ku koma firamare ta kan tudu har ruwa ya janye, gidanka yana nan naka, rubuta sunanka a takardar rabon shinkafa da tabarma bai taɓa mallakarka ba.

Dokar da take da haƙori a nan ita ce dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo. Ita ce ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, filin birni gwamna ke bayarwa, na karkara ƙaramar hukuma. Sashe na 28 ya ba gwamna dama ya soke mallaka saboda buƙatar jama'a, kamar in za a yi titi ko babbar magudanar ruwa. To amma ba da baki ake yi ba, ba kuma da sanarwar rediyo ba, sai jami'in da gwamna ya ba izini ya sa hannu, a kai wa mai filin notis a rubuce. Wani ya zo ya shafa jan fenti a bangonka ya tafi, wannan a karan kansa ba soke mallaka ba ne, kana da haƙƙin ka tambaya ina takarda, wane ofis ne, a ƙarƙashin wace doka.

Masu cewa ai mu ba mu da satifiket gidan gado ne, sashe na 34 da na 36 sun ɗauke ku a matsayin masu haƙƙi in dai filin yana hannun gidanku tun kafin dokar ta fito, gona ce ko gida.

Yanzu maganar diyya, nan ne ake yawan rikicewa kuma nan ne ni ma raina bai kwanta da dokar ba. Sashe na 29 bai ce a biya ka kuɗin filin yadda dillalai za su yi masa kuɗi a kasuwa ba. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kai, gini a ƙiyasta kuɗin sake yin irinsa sannan a cire tsufan da ya yi, amfanin gona da itatuwa jami'i ya yi musu kuɗi, shi filin kansa kuwa sai dai kuɗin hayar ƙasa da ka biya gwamnati a wannan shekarar in ka biya. Ka duba manomin fadama a wajen Auyo ko Hadeja da gonar shinkafarsa ita ce duk arzikinsa, in aka karɓe ta bayan girbi me za a lissafa masa? Mangwaro biyu da rijiya. Haka gidan ƙasa mai ɗaki huɗu da ya shekara talatin, in aka cire tsufa abin da zai rage da ƙyar ya sayi bulo na ɗaki ɗaya. Don haka masu cewa ba a biyan ko sisi ba su faɗi daidai ba, amma wanda ya ce za a mayar maka da kwatankwacin abin da ka rasa shi ma bai karanta dokar ba. In ba ka yarda da ƙiyasin ba akwai kwamitin rabon filaye na jiha da dokar ta ce a kai wa ƙorafi, kuma sashe na 44 na tsarin mulki ya ce a biya diyya ba tare da jan ƙafa ba, ya kuma ba mutum damar zuwa kotu.

Sai masu gini a kan hanyar ruwa, waɗanda suka cike kududdufi ko suka ɗora shago a kan lambatu. Gaskiya nan doka ba ta tare da su. Sashe na 43 na dokar amfani da ƙasa ya hana gini a birni a filin da ba ka da halastaccen izini a kansa, hukuncin ɗaurin shekara ɗaya ne ko tarar naira 5,000, in an ce ka cire ka ƙi kuma naira 100 kullum. Kuɗin 1978 ne shi ya sa yanzu abin kamar wasa, ba tarar ce take firgita kowa ba, katafila ce. Kuma tun hukuncin kotun ƙoli na 2003 tsara birane ya zama hurumin jihohi, don haka tazarar da za ka bari daga bakin rafi da kwanakin notis kafin rusau kowace jiha da nata, a Kano hukumar tsara birane KNUPDA za ka tambaya, kar ka ɗauki na Abuja ka ce shi ne naku. Abin da yake ɓata min rai shi ne yawancin waɗannan fulotai na awon igiya ne, talaka ya tara kuɗinsa ya saya a hannun dillali, da shaidu da sa hannun mai unguwa, ya yi shekara yana gini a gaban idon kowa babu wanda ya ce masa kanzil, sai ruwa ya ci unguwa sannan a tuna hanyar ruwa ce. Wanda ya yanka filin ya sayar ya daɗe da cinye kuɗinsa, shi ba a rushe masa komai.

Akwai wani sashe da ba a cika maganarsa ba, kuma ina ganin daga nan jita-jitar sa hannu ta samo tushe, sashe na 33. In an soke mallakar gidan zama, gwamnati za ta iya cewa maimakon kuɗi ga wani matsuguni a wani wuri. In ka karɓa to doka ta ɗauka an gama biyanka, babu sauran neman diyya daga baya, in kuma darajar sabon wurin ta fi diyyar da ta kamata a biya ka ana iya yarjejeniya ragowar ta zama bashi a kanka. Wannan takarda daban take da rajistar sansanin gudun ambaliya, ta sansani suna ne da yawan iyali don rabon kaya, ita kuwa ta sauya matsuguni za ka ga an ambaci filinka da sabon da za a ba ka. Irin wannan ce za ka ce a ba ka kwafi ka kai wa lauya ko wani ɗanka mai karatu ya duba kafin ka dangwala, takardun gidan kuma tun yanzu a ƙulle su a leda a ɗauki hotonsu a waya.