Buɗe Waya da Fuska: Abin da Dokar Amurka Ta Ce da Abin da Ba Ta Ce Ba

Ana ta yaɗa cewa wai a Amurka ɗan sanda yana da ikon karɓe wayarka, ya saita ta da fuskarka, ta buɗe, ya yi ta leƙe-leƙe son ransa. Akwai gaskiya a maganar, amma an yi mata gishiri da yawa.

Tun 2014 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Riley da jihar Kalifoniya cewa ba a bincikar wayar wanda aka kama sai da takardar izini daga alƙali. Ɗan ƙasa da baƙo duk ya shafe su, sai dai a kan iyaka da filin jirgi an sassauta wa jami'ai.

Gardamar tana wajen tilasta wa mutum ya buɗe wayarsa ne. Gyara na biyar na kundin tsarin mulkinsu ya hana a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa. Lambar sirri a cikin kai take, in ka faɗe ta ka yi magana, shi ya sa kotuna da dama suka kare ta. Fuska da yatsa kuwa a jiki suke, wasu alƙalai na ɗaukarsu tamkar jinin da ake ɗiba a kai gwaji. A 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ɗan sandan da ya kama babban yatsan wani da ke zaman sakin talala ya danna a wayarsa bai saɓa doka ba. A Janairun 2025 takwararta ta birnin Washington ta ce a'a: wanda aka umarta ya buɗe waya da yatsa ya nuna cewa wayar tasa ce, wannan kuwa shaida ce. Kan yatsa aka yi shari'o'in biyu, amma hujjar ɗaya ce da ta fuska.

Ke nan kariyarka ta dogara da inda aka tsare ka. Ni dai wannan bai kwanta mini ba. Hotunan da saƙonnin su ne dai, ko da me aka kulle su.

Mai iPhone da ke son komawa kan lamba cikin gaggawa, ya danne maɓallin gefe tare da na ƙara sauti na ɗan lokaci. Daga nan Face ID, wato tsarin buɗe wayar da fuska, ba za ta sake aiki ba sai an sa lambar.