Kashin wasan barkwanci mai taurari da yawa

Wasan barkwanci mai taurari da yawa shiri ne na talabijin da ake gina shi a kan mutum huɗu zuwa takwas ko fiye, masu zama wuri ɗaya, kamar gida ko ofis ko majalisa, ba tare da an ɗora wa ɗayansu nauyin labarin shi kaɗai ba. Kowane kashi yakan buɗe da rigima, ya kuma kashe ta kafin ya ƙare. A Amurka, I Love Lucy na 1951 ne ya kafa al'adar ɗauka da kyamara uku a gaban 'yan kallo, Friends kuwa ya yi kashi 236 daga 1994 zuwa 2004 da taurari shida. A ƙasar Hausa akwai Samanja na Usman Baba Pategi, sai Gidan Badamasi na tashar Arewa24, inda tarin 'ya'ya suka kewaye dukiyar uba.

Zubin kashi

Shirin rabin awa, in an cire talla, minti 22 ne ko kusa da haka. A cikinsu ake cusa 'yar gajeriyar fitowar buɗewa, da babban labari, da ƙaramin labari, wani lokaci har da wata raha da ake maimaitawa sau uku, a sauya mata fuska a karo na ukun. Babban labari yakan cinye fiye da rabin lokacin. In an raba minti 22 wa mutum shida, kowa bai kai huɗu ba. Daga wannan lissafi ne ƙarfin kashin da rauninsa duk suke fitowa.

Inda yake da ƙarfi

Mutum shida suna ba marubuci hanya 15 ta haɗa su bibbiyu, takwas kuma 28. Marowaci da almubazzari, uwar gida da amarya, kaka da jika: kowane haɗi da irin dariyarsa. Mai rubutu da Hausa ya tarar da gona a share, domin wasan taubasai da na Gobirawa da Yarbawa ko Fulani da Barebari ba ya buƙatar bayani. Mai kallo a Argungu ko Talata Mafara ya san dokar wasan tun kafin a buɗe baki, an kuwa tsira da minti guda ke nan.

Kashin da ya yi kyau shi ne wanda rassan labarinsa suka haɗu a ƙarshe. Misali, ɗa ya sayar da ragon layya a ɓoye don biyan bashi, ƙanwarsa kuma tana neman wa saurayinta rago mai araha, sai ragon ya dawo gidan ranar jajibere da sabon mai shi. Shirin Seinfeld na Amurka ya yi suna da irin wannan saƙa. Ana shuka abin da za a girba tun cikin minti biyar na farko, a bar mai kallo ya manta da shi.

Inda yake lalacewa

Mafi yawan ɓarna daga rabo take. Ana ƙirƙiro wa ɗan wasa fitowa don kawai an kira shi wurin ɗauka, sai ƙaramin labari ya zama ɗori, wanda in an cire shi ba abin da zai ragu. Gwajin da masu tacewa ke yi ke nan: a cire, a kalla.

Sai ƙanƙancewar hali. Wanda ya fara a zangon farko yana mutum mai tsumulmula da tausayi, zuwa zango na uku ya koma sara ɗaya da yake maimaitawa. Karin harshe ma haka yake zama. An sha sa wa ɗan wasa Sakkwatanci a baki, ya riƙa cewa "yat tahi" da "yaz zaka", a ce dariyar ke nan. Wataƙila ta ci a wani wuri, amma a Gusau ko Birnin Kebbi, inda maganar gida ce, ba abin da ake ji sai kurakuran mai kwaikwayon.

Fitowar da ta tara kowa ita ce mafi wuyar ɗauka. In ba cikakken rubutu, an dai faɗa wa 'yan wasa gundarin zance, sai kowa ya nemi tasa ta fito, murya ta hau murya, makirfo ɗaya kuma ba ya raba su. Da kyamara ɗaya dole a maimaita fitowar don a kama fuskar mai saurare, wadda galibi a kanta dariyar take, amma maganar da aka ƙaga nan take ba ta dawowa daidai a karo na biyu. Maganinsa shi ne karatun rubutu tare kafin ranar ɗauka, da tsayar da wanda zai faɗi kalmar ƙarshe a kowace musaya.

Yadda ake kallo ma ya taɓa zubin. Da yawa a waya suke kallo, ta YouTube ko wajen masu tura fim, wasu kuma guntun minti biyu kawai suke gani a TikTok. Hakan ya sa ake rubuta fitowa don ta tsaya da ƙafarta, sai kashin ya zama jerin guntaye, ragon da aka sayar a farko kuma ba ya dawowa.