Mujiya da Rana Tsaka: Me Take Nema a Gidajenmu?

A ƙauyukan Marwa, Mokolo da Yagwa da ke arewacin Kamaru, har zuwa hayin kogin Logone ta ɓangaren Chadi, in aka ga mujiya a kan katanga da rana, hankalin gida ya tashi ke nan. Kafin manya su gama salati yara sun ɗauko danƙo. Wannan kisan yana damuna ƙwarai, domin mai gidan ne ke yin asara.

Ba an ce mujiya ba ta gani da rana ba?

Tana gani sarai. Yawancinsu dai sun fi son farautar dare, saboda a lokacin ne ɓeraye ke fitowa. Kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai wata ƙarama, tsawonta kusan santimita 20, mai rawayen ido da ɗigo-ɗigon fari a jiki, ga baƙaƙen tabo biyu a ƙeya kamar wasu idanun. Ita wannan fitar rana ɗabi'arta ce. Takan zauna a reshen gawo ko darbejiya tana dakon fara, ƙadangaru da ƙananan tsuntsaye. Wanda ya gan ta da hantsi bai ga abin mamaki ba.

Farar mujiya mai faffadar fuska kuwa, wadda ta fi kusantar gidaje, ba ta cika fita da rana ba sai da dalili: an sare bishiyar da take kwana, an buɗe rufin ɗaki, hayaƙi ya kore ta, ko tana da 'ya'ya da yawa abincin dare bai ishe su ba. Wani lokaci ma rashin lafiya ne.

Me ya sa tsuntsaye ke taruwa a kanta suna hayaniya?

Sun san tana cin irinsu. Da sun gano maɓoyarta sai su yi mata taron dangi, hankaki da ƙananan tsuntsaye duka, har sai ta bar wurin. Sau da yawa wannan korar ce ke jefo ta tsakar gida.

To me ke kawo ta gidan mutane, ga daji?

Abinci da wurin kwana. Farar mujiya ba ta saƙa sheƙa, rami take nema mai duhu: kogon kuka, tsohuwar rijiya, kango, saman silin na makaranta ko masallaci. Kukokin da ke da kogo sun ragu, manyan bishiyoyi sun tafi itacen girki da gawayi, sai ta koma ga gine-ginenmu.

Abincin kuma mu ne ke tara mata ba da saninmu ba. Duk inda rumbu yake, ɓera na nan. Bayan girbin gero da dawa, ko lokacin da masakwa, wato dawar rani, ta nuna, ko a gonakin shinkafar Yagwa da Maga, ɓeraye kan yi yawa, mujiya kuma ta biyo su. Babba ɗaya na iya cin ɓera 3 zuwa 4 a dare. Takan yi ƙwai 4 zuwa 7, ta yi kwanci wajen kwana 30, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su iya tashi, duk tsawon lokacin nan iyaye na jigilar ɓeraye. Mai rumbu ya yi lissafi da kansa.

Mai shakka ya duba ƙarƙashin inda take kwana. Zai ga wasu baƙaƙen dunƙule. Mujiya haɗiye ɓera take yi gaba ɗaya, daga baya ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule. A fasa ɗaya da tsinke, za a ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa. Kada a manta, cikin ɓerayen gida akwai wanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, nan maƙwabtanmu. Saboda cin ɓeran da mujiya ke yi ne a ƙasar Maleshiya manoman kwakwar manja da shinkafa ke kafa mata akwatuna a gona don ta zauna.

Gaskiya ne kukanta na nufin wani zai mutu?

Camfi ne. Na san kukan farar mujiya ba daɗi, ƙara ce mai tsawo da ke sa tsigar jiki tashi, amma kiran juna ne tsakanin namiji da mace. Hucin da ake ji daga rufi da dare kuwa 'ya'ya ne ke roƙon abinci. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim inda Manzon Allah (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye, ya kuma ambaci "hama", wadda malamai da dama suka fassara da mujiya, domin Larabawan jahiliyya ma sun ɗauki saukarta a gida alamar mutuwa. Ajali na hannun Allah.

Juya kan da take yi shi ma halitta ce. Idanunta ba sa motsi a gurbinsu, sai Allah Ya ba ta ƙasusuwan wuya 14, mu muna da 7, don ta iya waiwayawa har bayanta.

Ba ta cin kaji?

Farar mujiya ba ta iya ɗaukar kaza. Babbar nan mai toka-toka da tukkaye biyu kamar kunnuwa tana iya sure ɗan tsako ko tantabara in sun kwana a fili. Maganin wannan akurki ne mai murfi.

In ta shiga silin, ko aka tsinci ɗanta a ƙasa fa?

In akwai 'ya'ya a ciki, a yi haƙuri har su tashi, sannan a toshe ramin bayan an tabbatar ba sauran kowa. Toshewa suna ciki mutuwa ce da yunwa, ga wari. Ɗan farar mujiya da ya faɗo a naɗe shi da tsumma, saboda faratansa na da kaifi, a mayar da shi raminsu kafin magariba, don iyayen ba su cika ciyar da wanda ke ƙasa ba. Kada a ba shi tuwo ko madara, nama kaɗai yake ci. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Babbar da aka samu a ƙasa da rana, ba ta gudu, a fara tunanin shinkafar ɓera. Ɓeran da ya ci guba yakan yi ta layi a fili, mujiya ta ɗauke shi cikin sauƙi, gubar ta shiga jikinta. A sa ta a kwali mai huda a inuwa, a nemi ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi mafi kusa. Gidan da mujiya ke zagayawa ya fi kyau ya koma ga tarko, in kuma dole ne a sa guba, a riƙa tsince matattun ɓeraye kowace safiya ana binnewa.