Dokar kiran mota gyara a Amurka da jakar iskar Takata

Tun 1966 Amurka ta kafa dokar da ta ce idan kamfanin mota ya gano lahani mai barazana ga rai a motarsa, ba shi da damar yin shiru. Dole ya sanar da hukumar kiyaye haɗurran hanya, NHTSA, cikin ranakun aiki biyar, sannan ya aika wa masu motocin wasiƙa cikin kwana 60. Gyara kyauta ne: ko a gyara, ko a musanya motar, ko a maida kuɗi. Wannan haƙƙi yana aiki muddin motar ba ta wuce shekara 15 da sayenta na farko ba lokacin da aka yi kiran.

Ba a taɓa yin kira mai girman na jakar iska (airbag) ta kamfanin Takata na Japan ba. Jakunkuna kusan miliyan 67 abin ya shafa a Amurka kaɗai. Kamfanin ya yi amfani da sinadarin ammonium nitrate wajen hura jakar, shi kuwa yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da danshi. Ranar da aka yi karo, maimakon jakar ta buɗe ta kare mutum, gwangwanin da ke cikinta yana iya tarwatsewa ya watsa ƙarafa a fuska da wuya. Mutane sun mutu ta haka. Jakar ɓangaren fasinja tana cikin dashbod, daidai fuskar wanda ke zaune a gaba, wato sau da yawa matar gida ko tsohuwa da aka girmama da kujerar. A 2017 Takata ya amsa laifinsa, aka ci shi tarar dala biliyan ɗaya, ya kuma karye.

Dokar tana da giɓin da ya shafe mu. Ta hana dila sayar da sabuwar motar da ba a gyara ba, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba. Ita kuwa tsohuwar ce ake lodowa zuwa Legas da Kwatano, mu saya da sunan tokumbo. Wasiƙa tana zuwa adireshin Amurka, mota tana Kano cikin zafin bazara. A ganina wannan sakaci ne babba, domin lahanin bai tsaya a bakin teku ba.

Akwai motocin da kamfanoninsu suka ce a daina tuƙa su sam sai an gyara, ciki har da Toyota Corolla ta 2003 da 2004, da wasu Honda Accord da Civic na 2001 da 2002.

Duba lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ka saka ta a shafin NHTSA. Idan ya nuna akwai gyaran da ba a yi ba, tuntuɓi wakilin kamfanin motar, kuma kada ka yarda bakanike ya ɗaura maka jakar da aka ciro daga wata tsohuwar mota irinta.